Keken da Muka Jingine da Babur ɗin da Muke Roƙo



A gidaje da yawa na Zurgu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, in ka leƙa zaure ko bayan rumbu za ka tarar da keke a jingine. Taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa, kaji sun mai da sirdin wurin kwana. Ba wai ya lalace ne har ya gagari gyara ba. Mai shi ne ya tsufa, 'ya'yansa kuma sun rantse ba za a gan su a kansa ba. A wannan gidan dai za ka samu saurayi mai ƙarfi a jika wanda zai yi awa guda a bakin hanya yana jiran wanda zai rage masa hanya zuwa Rano, ko kuma wanda ya shekara biyu yana bin wani ɗan siyasa a baya saboda an ce masa akwai rabon babura.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Raina keke da muke yi yana cikin abubuwan da suka sa muka yi arha a hannun 'yan siyasa. Matashin da yake jin kunyar taka feda, amma ba shi da kuɗin mai, ya riga ya sa wa kansa farashi tun kafin mai saye ya iso.

Da ba haka abin yake ba. Ku tambayi iyayenmu. A zamaninsu keke dukiya ce, har ana kiransa dokin ƙarfe. Wanda ya sayar da gyaɗa ya sayi Raleigh, gari ya san ya yi noma. Kamfanin na Ingila ne, daga birnin Nottingham, amma kasuwarsa ta yi ƙarfi a ƙasar nan har ya buɗe masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka shigo. Malamin makaranta da keke yake zuwa aiki, haka malamin asibiti, haka malamin gona. Masu bisharar da suka riƙa zagaya ƙauyukanmu, da yawansu keke ne ya kai su, da ɗan ƙunshin kaya a ɗaure a kariya. A lokacin En'e har lasin ake yanka wa keke, kuma ba wanda ya ga abin dariya a ciki, domin abu mai daraja ake yi wa lasin.

Abin ya fara juyawa ne da kuɗin man fetur suka shigo. Bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974, ma'aikatan gwamnati suka samu ƙarin albashi da ariyas a dunƙule, aka ruga kantuna ana sayen babura da rediyo da agogo. Daga nan ido ya buɗe a kan Honda da Suzuki da Vespa. Shekaru suka shuɗe, Jincheng ya zo da sauƙin kuɗi, Bajaj ya biyo baya da ƙarfin ɗaukar kaya, gwamnati kuma tana biyan tallafi mai na arha. Sannu a hankali keke ya tashi daga abin hawan mai rufin asiri ya koma na tsoho da yaro da wanda ake cewa “bai samu ba”. Ba wanda ya zauna ya yanke wannan hukunci. Ido ne kawai ya riƙa kallon na gaba.

To, ƙasar da aka gina wannan raini a kanta ta zame. Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da N200 ta haura N500 cikin kwanaki kaɗan. A watan Yuli na shekarar ta kai N617 a gidajen man NNPC na Abuja, a Oktoban 2024 kuma ta haura N1,000. Tun daga nan tana ɗan hawa tana ɗan sauka, amma ba ta ko leƙa inda ta fito ba. Mu da muke ƙauye kuma sau da yawa ba a gidan mai muke saye ba, a kwalba muke saye wurin 'yan bumburutu, da ribarsu a kai.

Mu yi lissafi mai sauƙi, kowa ya gyara shi daidai da nasa. A ce babur yana shan lita ɗaya a rana, a ce litar N900 ce, a ce kwana 26 ake hawansa a wata. Ya kama N23,400 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 N70,000 ne, wato kashi ɗaya cikin uku ya tafi a tanki, ga wanda ma yake da albashin. A shekara kuɗin ya haura N280,000. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa fulogi da taya da birki ba, ba a sa ranar da inji zai buga ba. Yanzu ka ɗauki wannan adadi ka je wurin mai sayar da taki ka tambaye shi buhu nawa zai ba ka. Ko ka tambayi mai sayar da tumaki.

Kada a ji ni ba daidai ba. Babur yana da aikinsa, kuma wanda ya ce ba shi da shi bai taɓa ganin mace mai naƙuda da tsakar dare ba, asibiti kuma yana Rano. Mai kai tumatir ko albasa kasuwa mai nisa yana bukatarsa. Wanda acaɓa ce sana'arsa, da ita yake ciyar da gida, ba ni da ta cewa a kansa sai fatan Allah ya tsare hanya. Maganata a kan sauran tafiye-tafiyen ne, waɗanda su ne suka fi yawa a rayuwarmu: gona, makaranta, injin niƙa, majami'a, gidan aboki, wurin cajin waya, filin ƙwallo. Tafiyar kilomita biyu, uku, biyar. Mai keke da ba ya gaggawa yana cin kilomita goma sha biyu zuwa sha biyar a awa ɗaya a hanya mai kyau, wato tafiyar kilomita biyar ba ta kai masa rabin awa ba. Wannan ce tafiyar da muke ƙona wa mai, ko mu fasa ta gaba ɗaya don babu man, alhali ga abin hawa a bayan rumbu.

Ga inda siyasa ta shigo. 'Yan siyasa ba wawaye ba ne, sun san abin da ranmu yake so. Shi ya sa da kakar zaɓe ta matso za ka ga an jera babura a fili, an liƙa musu hoton mai girma, an kira taron “tallafa wa matasa”. A ƙirga baburan, sannan a ƙirga matasan mazaɓar Rano da Bunkure da Kibiya. Ko ɗari aka raba, dubbai ne za su koma gida hannu wofi. Amma dabarar ba a kan waɗanda suka samu take ba, a kan waɗanda ba su samu ba take. Babur ɗaya da aka ba mutum ɗaya a unguwa yana ɗaure mutum hamsin, kowa yana cewa saura ni. Za su yi ta zuwa taro, su yi ta liƙa fosta, su yi ta zagin abokan da suka tashi tare a Facebook, wasu har su ɗauki gora, duk a kan layin da ba a taɓa nuna musu tsawonsa ba.

Shi kuma wanda ya samu, ya samu abin da yake cin abinci kullum. Kyautar da take bukatar mai kowace safiya tana mai da kai ƙofar wanda ya ba ka. Yau a sa maka lita biyu, gobe a ce maigida ya yi tafiya, jibi a ce akwai taro a Kibiya, ka ɗauko mutum biyu. Ranar da ka ga an yi ba daidai ba a garinku, bakinka ba zai buɗu ba, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wasu kuma ko wata uku ba sa yi suke sayar da babur ɗin da asara, a ci kuɗin, a koma bakin hanya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta saye da sayar da ƙuri'a, amma irin wannan ciniki ba ranar zaɓe ake ƙulla shi ba. Tun da shekara guda a gaba ake biyan kafin alƙalami.

Akwai kuma wanda ba ɗan siyasa ne ya ba shi ba, bashi ya ci. An ba shi babur ya riƙa kawo balas kowane mako har ya biya kuɗin da ya fi na kanti nesa ba kusa ba. Ya ɗauka ne da niyyar acaɓa, sai ya tarar masu babur sun yi wa fasinja yawa. A tuna, tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birnin Kano, A Daidaita Sahu ta maye gurbin. Babbar kasuwar sana'ar ta rufe ke nan, abin da ya rage shi ne garuruwa da ƙauyuka irin namu, inda fasinjan da kansa yake lissafin kuɗin mota sau biyu kafin ya fito. Mako ɗaya na zazzaɓi, ko mako ɗaya na ruwan sama, balas ya taru, mai babur ya zo ya ɗauke abinsa, abin da aka biya a baya ya bi ruwa.

Me ya sa muke jefa kanmu a wannan? Amsar da na fi ji ita ce “mutunci”. Wai budurwa ba za ta saurari mai keke ba. Wai abokai za su yi dariya. A nan dole 'yan'uwa mata su ji nasu. In har saurayi yana ganin sai ya ari babur ya sa man bashi kafin ya zo zance, wani ne ya koya masa haka, kuma ba daga sama ya ji ba. Wadda ta auna miji da ƙarar salansa, ta shirya zama da mai bin bashi a ƙofar gida. Haka iyayen da suke tambayar “me yake hawa?” kafin su tambayi “me yake nomawa?” Ciwon ɗaya ne da na waya. Mutum yana da Tecno mai aiki lafiya, sai ya sayar da akuya ya sayi wadda ta fi ta kyamara, don hoton da zai ɗora ya yi kyau a idon mutanen da ba su san hanyar Zurgu ba. Ciwon ɗaya ne da na anko, inda biki ɗaya yake cinye kuɗin makarantar zango guda. Muna sayen kallo, kallon kuma ba ya daɗewa, domin gobe wani zai fito da wanda ya fi naka.

Wani zai ce ai an taɓa yi mana wannan wa'azin. Gaskiya ne. A 2001 ministan sufuri na lokacin Obasanjo, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. Ƙarshenta wata bas ta ture shi ya faɗa kwata, ƙasa ta kwashe da dariya, magana ta mutu. Mutane sun yi dariyar ne don suna ganin mai jerin gwanon motoci ba shi da bakin ce wa talaka ya taka feda, kuma suna da hujja. Amma abin da ya faru da shi ya nuna wani abu da dariyar ta rufe: an ce a hau keke, ba a yi wa keke hanya ba.

A ƙasar Holan ba su fi mu son wahala ba. Lokacin da ƙasashen Larabawa suka rufe famfon mai a 1973, gwamnatinsu ta kai ga hana hawan mota ranakun Lahadi, a daidai lokacin da iyaye suke zanga-zanga kan yawan yaran da motoci suke kashewa. Daga nan suka dage da gina wa kekuna hanyarsu daban. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, kuma Mark Rutte, wanda ya yi firaminista daga 2010 zuwa 2024, a kan keke ya bar ofis ranar da ya sauka. Tsadar mai ta same su kamar yadda ta same mu, sai suka nemi hanya a wurin gwamnatinsu. Mu kuma muna neman babur.

Misalin da ya fi kama da mu yana Indiya. A 2006 gwamnatin jihar Bihar, jiha ce ta manoma matalauta, ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke don zuwa makarantar sakandare. Masana biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi diddigin shirin suka gano ya ƙara yawan 'yan matan da suke sakandare a shekarun da suka dace da kashi 32 cikin ɗari, kuma ya fi tasiri a ƙauyukan da makaranta take da nisa. Shi ma ɗan siyasa ne ya kawo shi, kuma ya ci riba a akwatin zaɓe. Bambancin shi ne ba a zaɓi 'ya'yan 'yan jam'iyya ba. Duk yarinyar da ta kai ajin ta samu, ba ta rusuna wa kowa ba, kuma abin da aka ba ta ba ya shan mai. Ku dubi ƙannenmu mata da suke barin karatu bayan firamare ko ƙaramar sakandare. Sau nawa dalilin yake zama nisa da kuɗin abin hawa? Kuma wa ya ce mace ba ta hawan keke? A Wagadugu ta Burkina Faso mata da goyo a baya suke tuƙa shi zuwa kasuwa, ba wanda yake waiwaye.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne maganar keke tana cikin Kundin Tsarin Mulkin 1999. Jadawali na huɗu, inda aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ya ambaci ba da lasin kekuna da amalanke da baro, ya kuma ɗora mata gini da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko hukuncin ya fara aiki yadda ya kamata ko bai fara ba, ya ba mu hujjar tambaya. Hanyar burjin da damina take yankewa, kwalbatin da ya rufta, rairayin da yake sa mai keke ya sauka ya tura, duk aikin kansila da ciyaman ne. Kwalbati ɗaya yana amfanar mai keke da mai babur da mai amalanke da mai tafiya a ƙafa, Kirista da Musulmi, wanda ya zaɓi mai girma da wanda bai zaɓe shi ba, kuma ba a iya ƙwace shi ranar da aka ɓata. Wannan ne ya sa ɗan siyasa ya fi son raba babur: babur yana da suna a kansa, kwalbati ba ya gaishe da kowa.

Saboda haka in ɗan takara ya zo neman goyon bayanmu a zaɓen 2027, ya tarar da mu da takarda a hannu, an rubuta sunan hanyar da wurin da take yankewa, da makarantar da yara suke shan tafiya kafin su kai. A tambaye shi yaushe, a rubuta amsar a gabansa, a ajiye. Irin wannan tambaya sai wanda ba ya jiran komai daga aljihun mutumin yake iya yin ta da murya a sake. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ya zo taron a kan kekensa zai koma gida a kan kekensa, ko an ji daɗin tambayarsa ko ba a ji ba. Wanda aka kwaso a mota kuwa sai ya yi tafi, in ba haka ba ya taka sayyada.

Keke ma yana da nasa, ban ce babu ba. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, har da sabon keke da tayarsa. Shi ya sa na fara da wanda yake jingine. Tsofaffin nan ƙarfensu yana da kyau, yawanci abin da suke nema taya ce da tub, da roban birki, da giris a boris, da mai a sarƙa. Akwai rana ta Maris da Afrilu, wadda maganinta sammako ne da hula da gorar ruwa. Akwai tsidau da ƙaya, shi ya sa mai keke yake tafiya da famfo da kayan faci. Babban haɗarin kuwa kwalta ce, musamman da magariba, inda direba ba ya ganin mai keke sai ya zo kansa. A sa fitila gaba, a liƙa abin da yake ƙyalli a baya, a sa riga mai haske, a kama gefen hanya, kada a yi goyon mutum biyu a titin manyan motoci.

Kuma akwai abinci a cikin sana'ar. Masu gyaran keken da suka rage a kasuwanninmu yawancinsu dattawa ne, ba su da yara a gabansu, domin kowa ya tafi koyon gyaran babur ko waya. Ɗaure sufok har taya ta daina rawa gwaninta ce, kuma in waɗannan dattawan suka tafi da ita sai an je birni kafin a samu. Jarin farawa bai wuce 'yan sifanu da famfo da roba da gam da inuwar bishiya ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, lokacin kuma ya zo daidai da faɗuwar damina a wurinmu, sa'ad da ake zirga-zirgar gona safe da yamma kuma kowace naira take da wurin zuwa. Shawarata ga shugabannin zumunta ita ce a sa wata Asabar kafin wannan rana, kowa ya turo keken gidansu harabar majami'a, a gayyato mai gyara ɗaya a biya shi kuɗin yini daga asusu, matasa biyu ko uku su zauna kusa da shi suna miƙa masa sifana. A gayyaci abokanmu na unguwa su ma su kawo nasu. Wanda aka gyara kuma babu mai hawansa a gidan, a roƙi mai shi ya ba da aronsa na zango guda ga yarinyar da ta fi kowa nisa da makaranta, a rubuta sunan mai keken da na wadda ta karɓa a littafin sakatare.